Ɗakin Gwajin Duwatsu da Masu Binciken Cikin Ƙasa

A sashen nazarin ƙasa na wata jami'a a arewacin Najeriya akwai wani ɗaki da ba kasafai baƙo yake lura da shi ba, domin abin da ke cikinsa bai wuce akwatunan baƙaƙen duwatsu da injin yanka da turmin niƙa da madubin ƙara girma ba, amma a nan ake gudanar da jiyokemistiri, wato ilimin sinadaran da duwatsu suka ƙunsa da abin da waɗannan sinadarai suke nunawa game da asalinsu. Abin da ma'aikatan ɗakin suke bincike a kai yana wurin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Ƙarƙashin ɓawon ƙasa, wanda kaurinsa a doron nahiyoyi yakan kai kilomita 35 zuwa 40, akwai wani sashe da ake kira mantil, mai zurfin da ya kai kusan kilomita 2,900, alhali rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa, wanda Tarayyar Sobiyet ta haƙa a yankin Kola, bai wuce kilomita 12 da 'yan ɗaruruwan mitoci ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa mantil ruwan wuta ne, amma dutse ne daskararre wanda tsananin zafi yake sa shi motsi a hankali, 'yan santimitoci kaɗan a shekara. Idan wani ɓangarensa ya taso sama, nauyin da ke danne shi ya ragu, sai kaso kaɗan daga cikinsa ya narke, kuma wannan narkakken dutse shi ne yake ɓullowa ta bakin dutse mai aman wuta, ya huce ya zama baƙin dutsen da ake kira basalt. Wani lokaci yakan tsinko gutsattsarin mantil ɗin kansa a hanya, ya fito da su ba tare da sun narke ba. Waɗannan gutsattsari, masu launin kore saboda ma'adinin olibin da ya yi yawa a cikinsu, su ne mafi daraja a idon mai bincike, domin samfurin mantil ne da zai iya riƙewa a tafin hannunsa.

Shekarar aiki a ɗakin tana bin yanayi. Da rani, lokacin da ciyawa ta bushe kuma hanyoyi suka buɗe, malami da ɗalibansa sukan fita zuwa tsaunin Biu a kudancin Borno, inda tsofaffin bakunan aman wuta suke birjik kuma tafkin Tila yake zaune a cikin ɗaya daga cikinsu, ko kuma zuwa yankin Panyam da Kerang a tsaunin Jos. Kafin a ɗaga guduma sai an gaida dagaci an bayyana masa abin da ya kawo su, saboda manomin da ya ga baƙi suna fasa dutse a gefen gonarsa yakan zaci duwatsu masu daraja suke nema, kuma zaton nasa ba laifi ba ne a ƙasar da ta daɗe da sanin masu haƙar kuza. Darasin farko da ɗalibi yake koya shi ne ya ƙi dutsen da ruwa da rana suka ci, domin ruɓewa takan sauya sinadaransa. Sai ya fasa ya kai ga cikin da yake baƙi ƙirin, ya rubuta lamba a jikinsa, ya shigar da wurin da aka ɗauke shi a littafin daji.

Bayan dawowa aikin yakan koma hannun ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda ɗalibai suke kira Baba, kuma wanda sunansa ba ya fitowa a kan takardun da ake wallafawa duk da cewa ingancinsu ya dogara da hannunsa. Yakan yanko sala daga dutsen, ya manna ta a kan gilashi, sannan ya yi ta gogawa da garin wasa ƙarfe da ruwa, yana ɗagawa yana dubawa a haske, har kaurinta ya koma milimita 0.03. Idan ya zarce kaɗan salar ta cinye, sai a koma farko. A wannan kaurin haske yana ratsa dutse, kuma a ƙarƙashin madubi abin da ya kasance baƙi a daji yakan bayyana da launuka, olibin yana walƙiya da shuɗi da ja da rawaya, ma'adinin filajiyokiles kuma yana kwance dogaye dogaye da ratsin fari da toka. Daga tsarin waɗannan ƙwayoyi ake gane wanne ya fara daskarewa da kuma saurin hucewar dutsen.

Sauran samfurin ana niƙa shi ya zama gari mai laushi a turmin wani dutse mai tauri da ake kira aget, ana wanke turmin tsakanin samfuri da samfuri, saboda ƙurar da ta rage daga na baya ta isa ta ɓata sakamakon na gaba. Daga nan ne wahalar wurin take bayyana. Auna manyan sinadarai, irin su silika wadda a basalt takan kama daga kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari, yana yiwuwa a cikin gida idan na'ura tana aiki kuma wutar lantarki ta tsaya. Amma auna aisotop, wato nau'o'in sinadari guda waɗanda nauyin ƙwayarsu ya bambanta, yana buƙatar na'urori masu tsada da ɗaki marar ƙura, don haka akan ƙulle garin a tura shi Turai ko Afirka ta Kudu ko Japan, a jira watanni. Wannan ne ya sa rayuwar aikin mai bincike a nan take rataye da abokan hulɗa na waje, kuma asara ce ta gaske a ce wanda ya san dutsen a mazauninsa shi ne na ƙarshe da zai ga alƙaluman da suka fito daga cikinsa.

Biu ba ta tsaya ita kaɗai ba, domin masana suna haɗa ta da jerin duwatsun aman wuta na Kamaru, mai tsawon kusan kilomita 1,600, wanda ya faro daga tsibirin Annobon a Tekun Atlantika, ya bi ta Sao Tome da Bioko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru da ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A 1985 Godfrey Fitton da abokin aikinsa Dunlop sun nuna cewa basalt na tsibiran da na tudu kusan iri ɗaya ne a sinadarai, abin da ke nufin tushensu guda ne a can cikin mantil, ƙasa da ɓawon teku da na nahiya. Sai dai jerin bai bi tsarin tsibiran Hawai ba, inda shekarun duwatsu suke ƙaruwa daki daki daga wannan gefe zuwa wancan, kuma har yau masana suna muhawara a kan abin da ya haifar da shi.

Wanda yake ganin wannan bincike ba shi da alaƙa da rayuwar talaka ya kamata ya dubi abin da ya faru a tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, a daren 21 ga Agusta 1986. Iskar kabon dayoksaid ta fashe daga tafkin, ta gangara kwaruruka saboda ta fi iskar shaƙa nauyi, ta halaka mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500 a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ciki har da Fulani makiyaya da garkunansu. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Da farko wasu sun ce aman wuta ne ya tashi a ƙarƙashin ruwan, amma awon sinadarai ya nuna wani abu daban: ruwan bai yi zafi ba, iskar ƙibiritu da ke tare da aman wuta ba ta da yawa, aisotop na kabon da na hiliyom kuma sun nuna cewa iskar daga mantil take fitowa. Shekara da shekaru ta yi tana tsattsafowa tana narkewa a ƙasan tafkin mai zurfin sama da mita 200, nauyin ruwa yana danne ta, kamar yadda murfi yake riƙe iskar kwalbar lemo har ranar da aka buɗe.

Wannan fahimta ce ta nuna maganin. A 2001 aka kafa bututu daga ƙasan tafkin zuwa samansa, wanda yake fitar da ruwa mai iska da ƙarfin kansa ba tare da famfo ba, aka ƙara wasu biyu a 2011. Haɗarin bai tsaya a Kamaru ba, domin bangon da ya tare tafkin na tokar aman wuta ne mai rauni, kuma idan ya ɓalle ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai, wanda yana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila. Tafkunan bakin dutse na gida, irin su Tila da Pidong na ƙasar Mangu, sun cancanci a riƙa auna zafinsu da iskar da ke cikin ruwansu a kai a kai, kuma ɗaliban wannan ɗaki ne mafi kusa da za su iya ɗaukar aikin idan aka ba su kayan awo da kuɗin tafiya.