Masana Na Farautar Tagwayen Baƙaƙen Ramuka

A tsakiyar kusan kowane babban gungun taurari akwai abin da masana ke kira baƙin rami, wato wuri mai tsananin jan abu, har haske ma in ya faɗa ba ya fita. Wani ya ninka nauyin rana sau miliyoyi, wani sau biliyoyi. Idan yana haɗiyar iskar gas, gas ɗin kan yi zafi ya haskaka fiye da dukan taurarin gungun. Wannan haske shi ake kira kwasa.

To, an san gungu biyu kan yi karo su haɗe. Ke nan ya kamata a sami ramuka biyu suna kewaya juna. Amma ganin su shi ne aiki, domin nisan ya sa sun zama ɗigo guda a na'urar hangen nesa. Dabarar ita ce a lura da kwasar da haskenta ke tashi yana sauka a kan ƙa'ida.

Wadda ta fi suna ita ce OJ 287, da haskenta ke shafe fiye da shekara biliyan 3 kafin ya iso mu. Akwai hotunanta tun wajen 1888, waɗanda aka ɗauka ba don ita ba. A 1988 Aimo Sillanpää da abokan aikinsa a Turku ta ƙasar Finlan suka nuna cewa takan yi walƙiya duk bayan kamar shekara 12, suka ce ƙaramin rami ne ke kewaya babba. Daga baya Mauri Valtonen ya lissafa cewa ƙaramin na huda faifan gas ɗin babban sau biyu a kowane zagaye. Aka yi hasashen walƙiya ranar 31 ga Yuli 2019. Rana ta tare masu dubawa daga ƙasa, sai na'urar Spitzer da ke sararin samaniya ta gan ta, saɓanin 'yan sa'o'i kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. Valtonen ya ce babban ramin ya kai rana biliyan 18. Stefanie Komossa da ke Jamus da tawagarta sun jira walƙiya a Oktoba 2022 ba su gani ba, suka ce bai wuce miliyan 100 ba. Tazarar ta yi yawa, kuma sai walƙiya ta gaba ta zo za a ƙara sanin lissafin wa ya fi kusa.