Ƙasusuwan Machu Picchu da Lissafin Sarakunan Inka

Duk littafin tarihin da ka buɗe kan daular Inka ta Kudancin Amurka, kusan shekara ɗaya za ka tarar: 1438. A wannan shekarar, in ji littattafan, Pachacuti ya fatattaki ƙabilar Chanka a bakin birnin Kusko, ya hau gadon sarauta, ya soma cin ƙasashe da yaƙi. Ɗansa Tupac Yupanqui ya karɓi ragamar runduna a 1463, ya zama sarki a 1471, sai Huayna Capac a 1493. Daga 1438 har 1532, lokacin da Francisco Pizarro ɗan Sifaniya ya kama sarkin Inka Atahualpa a Cajamarca, ba a cika shekara ɗari ba, amma daular ta miƙe tun daga kudancin Kolombiya ta yau har tsakiyar Cile.

To, daga ina 1438 ta fito? Inkawa ba su da rubutu irin namu. Igiyoyi suke ƙullawa, waɗanda ake kira kipu, suna adana ƙidayar jama'a da haraji. Shekarun nan wani limamin kirista ɗan Sifaniya, Miguel Cabello Balboa, ya rubuta su a littafin da ya kammala a 1586, rabin ƙarni bayan faɗuwar daular. A 1945 masanin nan John Rowe na Amurka ya auna lissafin marubutan Sifaniyawa, ya zaɓi na Cabello domin shi ne ya fi kama hankali. Wasu takwarorin Cabello, irin su Sarmiento de Gamboa, sun ba sarki guda fiye da shekara ɗari a kan gado. Wanda ya san yadda wani Bature, Palmer, ya jera tsawon mulkin sarakuna a Tarihin Kano, ya yi ta ƙirge da baya har ya ajiye Bagauda a 999, ya san irin wannan aiki da kuma rauninsa. Lissafi ne mai ma'ana, amma ƙiyasi ne, kuma tushensa labarin fada, inda kowane gidan sarauta ke jan ruwa zuwa gonar kakansa.

Nan gwajin kabon-14 ya shigo. Willard Libby ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Chicago a ƙarshen shekarun 1940, ya sami kyautar Nobel a 1960. Duk mai rai yana ɗibar wannan sinadari daga iska ko abinci. Da ya mutu ɗiba ta tsaya, abin da ke jikinsa ya riƙa zagwanyewa, rabi a duk shekara 5,730. A auna saura, a san daɗewar mutuwa.

A 2021 Richard Burger na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka gwada ƙasusuwa da haƙoran mutum 26 da aka tono a maƙabartun Machu Picchu tun 1912. Yawancinsu barorin gidan ne, domin wurin gandun shaƙatawar Pachacuti ne. Sakamakon ya nuna an zauna a wurin daga wajen 1420 zuwa 1530. Ke nan bayin Allah suna kwana suna tashi a gidan sarki shekara kusan ashirin kafin littafi ya naɗa shi. Makamancin haka ya fito a gefunan daular: a Chamical ta Ekwado, da yankin Mendoza na Ajantina, gwaje-gwaje sun nuna sawun Inkawa ya riga shekarun da Cabello ya bayar.

Sai dai kada a yi saurin buga ganga. Wahalar ita ce gajartar daular. Cikin shekara 600, kashi bakwai cikin ɗari kacal na kabon ɗin ya zagwanye, kuma tazarar shekara ashirin da ake gardama a kai ba ta wuce kashi ɗaya cikin 400 ba. Ga shi yawan sinadarin a sararin sama ba ya tsayawa wuri ɗaya, dole a gyara kowane sakamako da zoben cikin gungumen itatuwa waɗanda aka san shekarunsu. Ma'aunin gyaran biyu ne, na arewacin duniya da na kudanci, da bambancin 'yan gomiyoyin shekaru a tsakaninsu, kuma tsaunukan Andes na Peru suna shan iskar ɓangarorin biyu gwargwadon damina da rani. Wanda ka zaɓa yana iya tura maka shekara gaba ko baya. Daga ƙarshen ƙarni na 15 zuwa farkon na 17 kuwa ma'aunin ya yi kwance, har awo ɗaya kan dace da shekaru biyu masu nisa da juna.

Abin da aka gwada ma yana da magana. Azarar da aka ciro daga tsohon gini aka sake rufi da ita za ta girmi ɗakin, musamman a hamadar bakin teku inda itace ke tsada kuma ba ya ruɓa. Mutumin da ya rayu kan kifin teku ƙashinsa kan nuna tsufan da bai kai ba. Shi ya sa masu tonon kufai suka fi son ƙwayar masara ko ciyawar jinka, abin da ya tsiro ya mutu cikin shekara guda, sannan su haɗa awo da yawa da jerin shimfiɗun ƙasar da aka same su.

A ganina, duk da waɗannan matsaloli, ƙashin bara ya fi alƙalamin limami cancantar a saurare shi, tunda wurare masu nisa da juna duk sun karkata gefe guda: baya. Ko dai Pachacuti ya hau mulki kafin 1438, ko kuma magabatansa sun riga sun fara faɗaɗa ƙasa, marokan fada suka tattara nasarorin suka jingina masa. Masana da dama yanzu sun fi karkata ga cewa Kusko ta daɗe tana haɗiye maƙwabtanta a hankali, tun ƙarni na 14.