Asibitin unguwa: Yadda za ka gane likitan da za ka damƙa wa iyalinka

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata da hantsi ya san cunkoson da ake yi a bakin Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Asibitin yana nan tun shekarun 1920, kuma har yau shi ne madogarar talakan birni da na ƙauye. Sai dai ɗan kasuwar Kwari da ya bar shago a hannun yaro, ko ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo da ya roƙi uzurin awa biyu, ba kullum yake iya jure layin yankar kati ba. Shi ya sa da yawa suke karkata zuwa ƙananan asibitocin kuɗi da ke cikin unguwanni, inda likita ɗaya yake duba maigida da uwargida da yara.

Wannan tsari ba laifi ba ne. Kula da iyali fanni ne mai zaman kansa a aikin likita, ana kuma horar da ƙwararrunsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa har mutum 4 cikin 10 na iya cutuwa a wuraren kula da lafiya na matakin farko da sassan da ake duba mutum ya koma gida, kuma har kashi 80 cikin 100 na wannan cutarwa ana iya kauce mata. Yawancinta daga kuskuren gano cuta da na rubuta magani take fitowa, ba daga ɗakin tiyata ba.

Abu na farko shi ne takarda. A Kano, hukumar PHIMA, wadda aka kafa da dokar jiha a 2017, ita ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, ta sha kuma rufe waɗanda ta samu ba su cika ƙa'ida ba. Shi kansa likitan dole ya riƙe lasisin Majalisar Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, wanda ake sabuntawa duk shekara. Farar riga da abin awon ƙirji a wuya ba shaida ba ce. A garin nan har mai kemis “dakta” ake kiran sa, don haka tambayar sunan wanda ya duba ka da matsayinsa ba rashin kunya ba ne.

Takarda dai mafari ce. Abin da ya fi bayyana likitan kirki shi ne abin da yake ƙin yi maka. Ɗauki zazzaɓi. Mun saba da jin “maleriya da taifot ne”, kamar tagwayen da ba sa rabuwa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro sai an tabbatar da shi ta gwajin jini, gwajin gaggawa kuwa bai wuce minti 20 ba. Shi kuma gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa mutum yana da taifot, yakan nuna alama ko ga wanda ya taɓa yin cutar a baya, ko mai wani zazzaɓi daban. Yin sa sau ɗaya ba hujja ba ce. Sakamakon haka shi ne mutane suna ta shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, har ƙwayoyin su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Mafi muni, cutar ta ainihi tana can tana cin jiki.

A nan mu ma marasa lafiya muna da namu laifin. Akwai wanda idan ba a soka masa allura ko an rataya masa ledar ƙarin ruwa ba, gani yake kuɗinsa sun tafi a banza. Asibitin da ke neman ciniki kawai zai biya masa buƙata, tunda ƙarin ruwa ya fi ƙwaya tsada. Alhali mai iya ci da sha ba kasafai yake buƙatarsa ba, kuma kowace allura ƙofa ce da aka buɗe a jiki. Idan ta zama dole, a fasa sabon sirinji a gabanka, a jefa shi a akwatin da aka tanada bayan an gama, domin ta allurar da aka maimaita ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Sai batun fayil. Amfanin likitan iyali shi ne ya san tarihinka: cewa kana da gyambon ciki ko raunin ƙoda, don haka kada a ba ka Diclofenac, cewa Septrin ya taɓa fesa maka ƙuraje, cewa jininka ya hau a zuwa uku a jere. Asibitin da ke rubuta magani a guntuwar takarda ba ya ajiye komai, kullum baƙo kake a wurinsa. Ma'aikatan jiha da ake cire wa kuɗin taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA daga albashi, su kula da wannan tun lokacin zaɓen asibiti.

Ma'auni mafi nauyi shi ne sanin iyaka. Ciwon ƙirji mai tsanani, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, jijjigar yaro, zubar jini ga mai ciki: waɗannan ba na ɗaki biyu da gado huɗu ba ne. Lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023, yaron da aka riƙe kwana uku ana yi masa maganin ciwon makogwaro ya yi asarar kwanakin da allurar karya dafin cutar ta fi amfani. Likitan da ya ba da taimakon farko, ya rubuta takardar turawa mai ɗauke da abin da ya gani da abin da ya bayar, ya ce a wuce Murtala yanzu, ya fi wanda ya riƙe majinyaci har aljihu ya ƙare. Daga lungunan Ƙofar Mata zuwa can, tafiyar 'yan mintuna ce a A Daidaita Sahu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin saɓa wannan tarar Naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wanda yake ganin an yi masa sakaci yana iya kai ƙorafin asibitin gaban PHIMA, na likitan kuma gaban kwamitin bincike na MDCN. Ƙorafin yakan fi ƙarfi idan an adana rasit, da sakamakon gwaji, da kwalin maganin mai ɗauke da lambar NAFDAC.