Ƙirƙirarriyar Basira da Karatun Yaranmu

Ƙirƙirarriyar basira fasaha ce ta kwamfuta wadda ake horarwa da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya amsa tambaya da gyara rubutu.

A shekarar 2024, Jihar Edo tare da Bankin Duniya sun gwada ta a wasu makarantun sakandare na birnin Benin. Ɗalibai sun yi makonni 6 suna koyon Turanci da manhajar Microsoft Copilot bayan an tashi daga makaranta, kuma sun zarce takwarorinsu a jarrabawa. Sai dai malamai ne suka jagoranci darussan, suna lura da amsoshin, domin manhajar takan kawo bayanin da ba daidai ba.

Wannan amfani ba zai isa karkara ba sai da wutar lantarki da intanet da ƙwararrun malamai. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, saboda haka yaron da bai taɓa sarrafa ta ba yana cikin haɗarin rasa gurbin jami'a.

Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi da su fifita samar da wutar sola a makarantu da horar da malamai. Iyaye kuma su tabbatar yaro ya fahimci aikin gida, ba kwafowa ya yi daga waya ba.