Kafin ka jefar da wancan ƙaramin ƙarfen: yadda za ka gane kayan sanyaya injin tsohuwar motarka

Ka yi wata da watanni kana tarin kuɗi, ka haƙura da canza waya, a ƙarshe Allah Ya haɗa ka da wata tsohuwar Golf 3 da ta daɗe a ajiye a gindin darbejiya. Ka ce kai da kanka za ka tashe ta, duk ƙarshen mako ka gyara abu ɗaya, ba sai ka zube wa gareji sauran kuɗinka ba. Madalla.

Sai ranar da ka ɗaga bonet. Ga wani tiyo an toshe bakinsa da tsohon fulogi. Ga soket yana reto ba a san inda ya fito ba. A but kuma ga baƙar leda, a ciki akwai wani ƙaramin ƙarfe mai sifirin, girmansa bai wuce murfin kofi ba. Ka kira wanda ya sayar maka, ya ce: "Haba, rabu da su. Kayan Turai ne, saboda ƙanƙara aka sa su. Nan ba su da amfani."

Ɗan uwa, a nan ne mutane da yawa suke fara kashe injinsu da hannunsu. Dokar ɗaya ce: abin da ba ka san sunansa da aikinsa ba, kada ka cire shi, kada ka toshe shi, kada ka jefar da shi. Kuma gano shi ba wani abu ne mai wuya ba, in ka bi a hankali. Za mu yi misali da Golf 3 saboda ta cika titunanmu, daga tasi zuwa motar gida, amma tsarin kusan ɗaya ne a yawancin motoci.

Kafin ka taɓa komai

Inji ya huce tukuna, huce na gaske, irin na motar da ta kwana ba a tashe ta ba. Ruwan da ke cikin inji mai zafi a matse yake, yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba. Kana buɗe murfi matsin ya tafi, ruwan ya yi tsartuwa ya watsa maka a fuska da hannu. Wannan ƙunar ta fi ta ruwan shayi nesa ba kusa ba.

Na biyu, cire kan batir na nagetif. Fankar Golf 3 ta lantarki ce, tana iya tashi da kanta ko da makulli yana aljihunka, muddin lagireto na da zafi. Yatsa ba shi da safaya.

Na uku, wayar nan da kake ɗaukar hoton kanka da ita, yau ta yi aiki. Ɗauki hoton kowane sashe kafin ka kwance, daga nesa da kuma daga kusa. Samu farin salatef da biro, ka manna wa kowane tiyo lamba a bakinsa, ka manna irinta a inda ya fito. Bayan sati biyu, wallahi ba za ka tuna wane ne na ina ba.

Bi hanyar ruwa

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da man fetur ke samarwa a inji, ruwa ne ke kwashe shi ya kai waje. Ruwan zagaye yake yi, don haka in ka kama hanyarsa daga wuri ɗaya ka bi da hannu, duk abin da ka tarar a kan hanyar zai faɗa maka aikinsa.

Fara daga lagireto. Manyan tiyo biyu ne ke haɗe da shi. Na sama shi ke kawo ruwan zafi daga kan inji. Ruwan ya bi ƙananan hanyoyin lagireto, iska ta sanyaya shi, ya fita ta tiyon ƙasa ya koma inji. Bi tiyon ƙasan har ƙarshensa: a injin fetur mai 1.8 na Golf 3, zai kai ka ƙasan gidan famfon ruwa, wanda makanikai ke cewa wata-famfo. Bel ne ke juya shi, shi kuma yana tura ruwan. A daidai wannan mahaɗar, bayan wani murfi mai noti biyu, nan ne mazaunin tamostat. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Za ka lura lagireton Golf 3 ba shi da murfi a kansa. Murfin yana kan wata gorar roba mai kama da ƙwallo a gefen inji, mai layi biyu da ke nuna mafi ƙarancin ruwa da mafi yawansa. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake, gorar ce ke ba shi wuri. Murfinta kuwa ba murfin jarka ba ne: akwai bawul a ciki da ke riƙe matsi don kada ruwa ya yi saurin tafasa. In robarsa ta mutu, mota za ta riƙa shan ruwa tana obahitin, kai kuma kana can kana zargin gaskit.

Ƙananan abubuwan da ke rikita mutane

Siririn tiyon da ke shiga saman gorar, shi ke dawo da iska da ɗan ruwa daga inji. In inji na aiki ya kamata ka ga ruwa na tsiyaya ta nan. In babu, ko dai ya toshe ko famfo ba ya turawa yadda ya kamata.

Tiyo biyu matsakaita da suka ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, na hita ne. A bayan dashbod akwai ƙaramin lagireto da ke ɗumama cikin mota da goge raɓar gilashi. In ya fashe za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, kafet ɗin gaba ya jiƙe. Idan ba ka da halin canza shi yanzu, a haɗa bakunan tiyon biyu da juna da bututu mai kyau ruwa ya ci gaba da zagayawa. Cusa fulogi a ɗaure da waya ba gyara ba ne, jiran rana ce.

A jikin tof silinda za ka ga wata mahaɗar baƙar roba da tiyoyi ke fita daga cikinta, da sansa a soke, wani kilif mai siffar kofaton doki ya riƙe ta. Sansar zafi ke nan. Ita ke gaya wa allurar dashbod da kwamfutar mota zafin ruwa. In ta lalace, ko aka bar soket ɗinta yana reto, kwamfuta na iya ɗauka inji a sanyi yake, ta riƙa zuba mai fiye da kima. Ita kanta mahaɗar robar, da yake an ƙera waɗannan motoci ne tun daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990, ta sha zafi sama da shekara 25, tana tsagewa. Duba ƙasanta ko akwai busasshen fari ko jan tabo.

A gefen lagireto akwai wani abu mai kan noti da aka ɗaure, da soket a bayansa. Wannan shi ne makunnin fanka. Idan ruwa ya kai wajen digiri 95 sai ya tashi fanka, in ya huce ya kashe ta. In ka tarar an yanke wayarsa an haɗa fanka kai-tsaye da makulli, to wani ne ya guje wa neman ainihin matsalar.

Wasu samfuran, musamman na dizal da GTI, suna da wani ƙaramin akwatin ƙarfe a saman filtar baƙin mai, da tiyon ruwa biyu a jikinsa. Shi ke sanyaya baƙin mai. In ya huje daga ciki, mai da ruwa su gauraye, ka ga wani abu kamar kunun gyaɗa a gorar ruwa. An sha sauke tof silinda a banza saboda wannan ɗan akwatin.

Sai kuma abin da ke gaban lagireto, siriri mai kama da shi, mai bututun alminiyam. Wannan na AC ne, ba ruwa a cikinsa, gas ne a matse. Kada sifanarka ta je wurin.

Maganar tamostat

Mu koma kan ƙarfen nan na cikin leda. Tamostat ƙofa ce mai buɗe kanta. A cikinsa akwai wani irin kaki da ke narkewa ya kumbura idan ya ji zafi, ya tura ƙofar ta buɗe. Da safe a rufe yake, ruwa na zagaya cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumi. Idan zafi ya kai adadin da aka rubuta a jikinsa, a Golf 3 yawanci 87, sai ya fara buɗewa ruwa ya wuce lagireto. Shi ya sa allurar lafiyayyar Golf ke hawa ta tsaya a 90, ba ta gaba ba ta baya.

Ka ga ke nan ba ruwansa da ƙanƙara. Inji a Kano da inji a Jamus zafi ɗaya suke bukata su yi aiki daidai. In aka cire shi, da sanyin safiyar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, baƙin mai bai saki jiki ba, ƙarfe na cin ƙarfe. Sannan a injina da yawa tamostat na da faifai na biyu a gindinsa da ke rufe gajeriyar hanya idan ya buɗe babbar. Babu shi, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa bin gajeriyar hanyar yana komawa inji bai leƙa lagireto ba. Wato abin da aka cire don gudun zafi, rashinsa na iya jawo zafin, kuma a tsakiyar rana kan titin Kano zuwa Zariya zai nuna maka.

Gaskiya ne tamostat na iya maƙalewa a rufe, mota ta tafasa. Maganinsa a sa sabo. Gwada shi ma a kicin ake yi: saka shi a tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita, zuba ruwa, ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe, in ka tsamo shi ya huce ya rufe. In bai motsa ba, ko kuma dama a buɗe yake tun yana sanyi, ya gama aiki.

Lamba ba ta ƙarya

Har yanzu akwai abin da ba ka gane ba? Wanke shi da buroshi, haska fitilar waya, nemi lamba. Kayan Volkswagen na asali suna ɗauke da lamba mai rukuni uku-uku, wani lokaci da harafi a ƙarshe. Rukunin farko na nuna motar ko injin da aka fara yi wa kayan, 1H alamar Golf 3 ce. Rukunin tsakiya shi ne sirrin: 121 na nufin sashen sanyaya inji, 819 kuma na hita da iska. In Toyota gare ka, lambar guda goma ce, biyar-biyar: mai farawa da 16400 lagireto ne, 16100 famfon ruwa. Rubuta lambar cif a Google, hoton kayan da sunansa za su fito.

Ka kuma kwafi lambar casis ɗinka, haruffa da lambobi 17, da harufan da ke nuna nau'in inji. Tsofaffin motocinmu da yawa an taɓa canza musu inji, don haka shekarar mota kaɗai ba ta isa ba. In za ka shiga Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, tafi da tsohon kayan a hannunka. Jera su gefe da gefe: faɗin baki, yawan ƙafafun soket, adadin digirin da aka rubuta. "Oga, duk ɗaya ne, zai shiga" ba amsa ba ce. Shiga daban, aiki daban.

Ranar tashi

In ka gama haɗawa, kada ka cika da fiya wata ko ruwan burtsatse. Gishirin da ke cikinsu shi ke daskarewa ya toshe lagireto, tsatsa kuma ta ci famfo. Haɗa kulant da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, yadda aka rubuta a jikin galan. Volkswagen na da G11 mai launin shuɗi-kore da G12 mai launin ja, kuma ba a gauraya su. Kulant yana da zaƙi amma guba ne, don haka wanda ka juye kada ka bar shi a buɗe inda yara ko awaki za su kai baki.

Zuba a hankali, kana matsa manyan tiyo don iska ta fita. Mayar da batir, tashi mota, tsaya a wurin. Tiyon ƙasa zai zauna da sanyi na ɗan lokaci, can sai ka ji ya ɗauki zafi: tamostat ya buɗe ke nan. Jira har fanka ta tashi ta kuma mutu da kanta. Allura ta tsaya wajen 90, ƙasa babu ɗigo. Washegari da safe ka sake duba gorar, ka cike in ya ragu.

In kuma bayan duk wannan ka ga kumfa na tasowa a gora ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko ruwa na ɓacewa ba ka ga inda yake zuba ba, to ajiye sifana. Wannan aikin wanda ya ƙware ne, kuma ba abin kunya ba ne. Bambancin shi ne yanzu za ka shiga gareji kana kiran kowane abu da sunansa, kuma in aka ce maka a cire wani abu "ba shi da amfani", za ka iya tambaya cikin ladabi: "Maigida, mene ne aikinsa?" Matambayi dai ba ya ɓata.