Yadda Ake Gane Gidan Abincin Kudancin Asiya Mai Kyau a Birtaniya

Da wuya a sami gari a Birtaniya da babu gidan abincin da aka rubuta wa "abincin Indiya" a ƙofa. Sai dai sunan nan ya lulluɓe abubuwa da yawa. Kudancin Asiya ya haɗa Indiya da Pakistan da Bangladesh da Sri Lanka da Nepal, kowace ƙasa da nata girki, kowane yanki a cikinta da nasa ɗanɗano. Mafi yawan gidajen da ake kira na Indiya ma ba Indiyawa ne ke da su ba, 'yan Bangladesh ne daga yankin Sylhet. Saboda haka mai neman abinci na gaske yakan fara da sanin su waye suka zauna a wace unguwa, kuma daga ina suka taso.

Sana'ar ta daɗe a ƙasar. A 1810 Sake Dean Mahomed, haifaffen Patna, ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan. Veeraswamy, wanda aka buɗe a titin Regent a 1926, shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka kai wannan zamani. Amma sana'ar ba ta bunƙasa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masana'antu suka buƙaci ma'aikata, baƙi suka yi ta kwararowa. Masu dafa abincin sun lura da abin da bakin Bature ke so, suka rage yaji, suka ƙara romo da zaƙi. Daga nan aka sami chicken tikka masala, gasasshiyar kaza a cikin miyar tumatir mai kauri, wadda a 2001 sakataren harkokin waje Robin Cook ya kira abincin ƙasa na Birtaniya.

Wannan tarihi ya bar gidajen abinci iri biyu. Na farko shi ne wanda ake gani a kowane babban titi, mai jerin abinci dogo. Sirrinsa tukunya ɗaya ce ta miyar albasa da tafarnuwa da citta da kurkur, wadda ake dafawa tun da rana. Idan an yi oda sai mai girki ya ɗebo ludayi ɗaya ko biyu ya zuba a kasko, ya ƙara nama da kayan ƙamshi. Korma da madras da vindaloo duk daga tukunyar nan suke fitowa, bambancinsu yawan barkono da abin da aka ƙara a ƙarshe. Na biyu shi ne gidan da ke dafa wa mutanensa abin da suka saba ci a gida, kuma irinsa sai an shiga unguwanninsu ake samu.

A Landan, Southall ita ce matattarar 'yan Punjab, inda ake samun gasasshen nama da burodin tanderu da kayan zaƙi. Whitechapel da Brick Lane na 'yan Bangladesh ne, ko da yake a nan ne kuma Tayyabs yake, gidan 'yan Pakistan da aka buɗe a 1972, wanda ya yi suna wajen gashin haƙarƙarin rago. Titin Ealing da ke Wembley na 'yan Gujarat ne, waɗanda da yawansu ba sa cin nama. A East Ham da Tooting ake samun girkin Tamilawa na kudancin Indiya da Sri Lanka, irin su dosa, wata siririyar waina mai faɗi da ake yi da ƙullun shinkafa da wake wanda ya kwana ya yi tsami, ana ci da miyar tsamiya da markaɗaɗɗiyar kwakwa.

A wajen Landan, Bradford da Birmingham sun karɓi mutanen Mirpur da ke yankin Kashmir, waɗanda da yawansu gina madatsar ruwa ta Mangla ya raba da ƙauyukansu a shekarun 1960. A Birmingham ne aka ƙirƙiro balti a shekarun 1970: ana dafa shi da sauri a wuta mai ƙarfi cikin wani siririn kwanon ƙarfe mai hannu biyu, a kawo shi teburi a cikin kwanon yana tafasa, a ci da burodi maimakon cokali. Cibiyarsa titunan Ladypool da Stratford da Stoney Lane. Leicester kuwa, musamman titin Belgrave, ta cika da 'yan asalin Gujarat bayan Idi Amin ya kori mutanen Asiya daga Yuganda a 1972. Manchester tana da titin Wilmslow a Rusholme, Aldershot kuma tana da 'yan Nepal, iyalan sojojin Gurkha.

Akwai kuma mashayun da ake kira desi pub, waɗanda suka fi yawa a Smethwick da West Bromwich da Handsworth da yammacin Landan. Asalinsu wariyar launin fata ce. A shekarun 1960 mashayu da dama kan hana ma'aikatan maƙeran ƙarfe 'yan Punjab shiga wasu ɗakuna, abin da Malcolm X, ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙar fata na Amurka, ya gani da idonsa lokacin da ya ziyarci Smethwick a Fabrairun 1965. A shekarar ne aka yi dokar da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a, daga baya kuma baƙin suka fara sayen mashayun da kansu. Abin da suka shahara da shi shi ne faranti guda na ƙarfe da ake cikawa da gasasshen nama iri-iri a kan albasa, a kawo shi yana hayaƙi. Wurin sayar da giya ne dai, kuma naman ba lallai ya zama halal ba, shi ya sa Musulmi da yawa kan tsallake su su nufi gidajen gashi da ba a sayar da giya.

Idan an isa unguwa, alamar farko ita ce masu ci. Gidan da iyalai 'yan asalin yankin suka cika ranar Lahadi, har da tsofaffi da yara, ya riga ya sami shaidar da ta fi kowace talla. Gidan da ya ajiye mutum a bakin ƙofa yana tare masu wucewa da alkawarin ragi kuwa, yawanci da baƙin yawon buɗe ido yake rayuwa. Alama ta biyu jerin abincin. Gajeren jeri mai nuna yanki ɗaya ya fi dogo mai ɗauke da komai. Idan aka ga nihari, naman da ake dafawa awanni har ya narke, ko paya, wato farfesun ƙafa, ko haleem na alkama da nama, to girkin Musulmin Pakistan da arewacin Indiya ne. Idan aka ga kifi da shatkora, wani lemon tsami mai ɗaci-ɗaci, an faɗa hannun mutanen Sylhet.

Alama ta uku burodi. Naan ɗan'uwan gurasar Kano ne, domin shi ma a jikin tanderu mai zafi ake manna shi. Wanda aka gasa nan take yakan zo da kumbura da ɗigon ƙuna, yana yaguwa cikin sauƙi. Wanda aka ɗumama daga leda yakan yi tauri kafin a kai rabin cin abincin. Haka biryani: shinkafar kirki tana warwaɗewa, ƙamshin kanumfari da kirfa ya ratsa ta, domin tare da nama aka turara ta, ba a ƙarshe aka juya ta da miya ba.

Tsafta tana da ma'auninta. Ƙananan hukumomi, a ƙarƙashin tsarin hukumar kula da ingancin abinci, suna ba gidajen abinci na Ingila da Wales da Ireland ta Arewa maki daga 0 zuwa 5, kuma ana iya duba makin a intanet. Manna koriyar takardar makin a ƙofa wajibi ne a Wales da Ireland ta Arewa, amma a Ingila ganin dama ne, don haka rashinta a ƙofa dalili ne na dubawa. Batun halal kuwa, ƙungiyoyi irin su HMC da HFA suna ba da takardar shaida. Wasu gidajen kazarsu kawai ce halal, saboda haka tambaya tana da amfani.

Sharhin Google da TripAdvisor yana taimakawa idan aka karanta na baya-bayan nan, aka kula da masu ambaton takamaiman abinci maimakon ƙirga taurari, domin ɗanɗanon gida kan canza da zarar babban mai girki ya tashi. Duk da haka, direban tasi da mai sayar da nama da mutanen masallacin unguwa sun fi kowace manhaja sanin gidan da tukunyarsa ke daɗi a wannan makon.