Hukuncin leƙa amsar wani idan tambayar jarrabawa ta rikice

Tambaya: Ɗaliba ce ni daga Tsafe, ina karatu a Gusau. Tambayoyin wani malaminmu ba sa fahimtuwa, har na faɗi kwas ɗinsa. Ya halatta in leƙa takardar ƙawata?

Amsa: Bai halatta ba, 'yar'uwa. Satar amsa ha'inci ce, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya barranta daga mai ha'inci. Duhun tambaya ba uzuri ba ne. Ki ɗaga hannu ki nemi a yi miki bayani. In kina ganin an tauye miki maki, ki rubuta wa shugaban sashe a sake duba takardarki. Faɗuwar kuwa ba alamar fushin Allah ba ce. Ki nemo tsofaffin tambayoyinsa, ki sake zama. Wallahu a'alam.